Ranakun Da Burodi Ya Ƙi Tashi

Ni fa ba ajin auna hujja na je nema ba, kwamfuta na je koyo. 'Yata ce ta ishe ni da gori, wai shekarata hamsin da biyu amma ko saƙo ban iya aikawa ba sai na ƙwala mata kira. Shi ne ran nan na shirya na tafi cibiyar koyar da manya da ke bayan tashar mota. Ina zuwa na tarar ajin kwamfuta ya cika maƙil. Magatakarda ya duba takardarsa ya ce saura gurbi ɗaya tak, a wani aji da ake koyon yadda ake auna magana, a gane mai hujja da marar hujja.

Na ce, "Malam, gardama za ku koya mini? Ni? Ka je gidanmu ka tambaya."

Ya ce ba gardama ba ce, kuma Litinin da Laraba ake yi, ƙarfe takwas na safe. Na riga na ci ado na fito, kunyar komawa gida haka nan ta sa na ce ya rubuta sunana.

Malamar wata tsohuwa ce 'yar firit, tabarau a ƙarshen hanci. Ba a yi mako biyu ba muka raɗa mata Malama Ta-Yaya, domin ko cewa ka yi yau gari da zafi, sai ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "Ta yaya ka sani?" Ranar farko ta ba mu labarin wani maƙwabcinta. Ta ce duk ranar da mutumin nan ya fito da dogon takalmin roba, sai layinsu ya cika da taɓo. Shekara goma tana lura, bai taɓa saɓawa ba. Ta ce, "To, me ya kamata a yi masa?"

Wani tela da ke zaune kusa da ni ya ɗaga hannu da gaske ya ce, "A ƙwace takalmin."

Aji ya kece da dariya, har da shi. Malama ta bari muka gama, sannan ta ce ruwan sama ne ya kawo taɓon, shi ne kuma ya sa mutumin sa takalmi. Abu biyu suna iya tafiya tare kullum, alhali ba ɗaya ke jan ɗaya ba, na uku ne ke jan su duka.

Wallahi abin ya shige ni. Na koma gida na zame wa mutane ƙarfen ƙafa. Maigidana ya ce in daina sayen wani man girki don kowa ya ce ba shi da kyau. Na ce, "Kowa su wa?" Ya fara lissafi da yatsu, ya tsaya a yatsa ɗaya. Ashe kowan nan abokinsa ne, mai sayar da wani man daban. Ya dube ni ya ce, "Da ma kwamfutar kika samu."

To amma ba wannan ne labarin ba. Labarin na gidan burodinmu ne.

Gado muka yi daga Babanmu, ni da ƙanena Auta. Auta fa ba yaro ba ne, gemunsa har ya fara furfura, amma Auta yake, Auta kuma zai mutu. Shi ke rarraba burodi a shaguna da farar motarmu mai ƙofar da sai an ɗaure ta da igiya. Baba Mai Tanderu shi ke gashi, tun zamanin Babanmu, kuma har yau "'yar nan" yake ce mini. Ni kuwa kwaɓi ne nawa. Ni ke jiƙa yis, ni ke tankaɗe fulawa, ni ke tsayawa kan inji. Jiƙa yis ɗin nan Babanmu bai taɓa bar wa ma'aikaci ba, ni ma ban taɓa bari ba.

Da na fara zuwa aji, dole muka nemi mai riƙe kwaɓi ranar Litinin da Laraba. Aka kawo mana wata mata da ta yi shekaru a wani babban gidan burodi kafin a rufe shi. Wata takwas tana zaune ba aiki, ga yara uku. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, in ta gaishe ka sai ka matso kafin ka ji. Baba ya fara ce mata Baƙuwa, sunan ya bi ta. Ranar da muka ce ta fara, sai da ta koma bayan buhunan fulawa ta share ido, tana zaton ban gani ba.

Tsarin mai sauƙi ne. In jiƙa yis a roba in rufe, in ɗauki jakata in tafi. Ita ta zuba a fulawa, ta kwaɓa, ta yanka, ta jera a gwangwani.

Litinin ɗin farko burodi ya ƙi tashi. Ya fito a daskare, gajere, in ka jefi kare da shi sai ya yi ƙara. Muka ce sabon hannu ne. Talata na kwaɓa da kaina, ya fito lafiya lau. Laraba ya sake ƙi. Haka muka yi ta yi har mako uku, Litinin da Laraba dutse, sauran ranaku burodi. Masu shaguna suka fara tambayar Auta, "Na yau ɗin na wace rana ne?"

Ranar Lahadi da la'asar Auta ya same ni a ɗakin kwaɓi ina wanke inji. Ya rufe ƙofa ya ce, "Yaya, magana ta ƙare. Asabar mai zuwa Baƙuwa za ta tafi."

Na ce, "A kan me?"

"A kan me? Sau shida ta kwaɓa, sau shida ya lalace. Ke kin kwaɓa sau nawa, bai taɓa lalacewa ba. Wannan ma sai an je makaranta?"

Gaskiya ni ma zuciyata ta so ta yarda, don maganar ta zauna daram. Amma sai na tuna telan nan da takalmin roba. Na ce, "Ka nuna mini cewa ranakun da take zuwa burodi na lalacewa. Ba ka nuna mini cewa ita ke lalata shi ba."

"Ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne."

"Kuma kin taɓa ganin mutum mai shiru haka? Ko dariya ba ta yi."

Na ce, "Auta, shirunta ne ke shiga cikin fulawa? Baba Mai Tanderu yini yake yana surutu, ka taɓa ganin surutunsa ya ƙara wa burodi tsawo?"

Ya kama ƙugu ya ce tun da na shiga ajin nan ba a iya magana da ni. Na ce ya ba ni mako ɗaya. In zuwa Asabar ban kawo masa wani dalili ba, ni da bakina zan sallame ta. Na faɗi haka ne da ƙarfin hali, amma ban san ta ina zan fara ba.

Litinin bayan aji na tare Malama Ta-Yaya a baranda na zayyana mata komai. Na zaci za ta gaya mini mai laifi. Ina! Cewa ta yi, "In kina so ki san ko abu ne ke jawo abu, cire shi ki gani. Sannan ki sa shi inda ba ya nan ki gani. Amma abu ɗaya za ki riƙa canzawa, kada ki haɗa biyu." Ta gyara tabarau ta wuce abinta.

Na koma na tarar da dutsen ranar an jera shi a kan tebur. Auta ya ɗauko ɗaya ya ƙwanƙwasa shi a jikin bango yana kallona.

Na kira Baƙuwa na ce gobe Talata ta zo, jibi Laraba ta huta. Ta dube ni a tsorace ta ce, "Yaya, laifi na yi?" Na ce ba ta yi ba, gwaji nake. Ta ce to.

Talata na jiƙa yis kamar kullum, na ja kujera na zauna na harɗe hannu. Ban taɓa ko ƙwayar fulawa ba. Baƙuwa ta kwaɓa ina kallo. Kai, matar nan ta iya aiki! Yadda take yanka kwaɓi ba ta ko kallon sikeli, in ka ɗora sai ka ga daidai. Kafin azahar kwaɓin ya kumbura har yana leƙowa ta bakin gwangwani. Da Baba ya buɗe tanderu, ƙamshi ya cika layi. Ya ɗago ɗaya ya matsa shi, ya saki, ya dawo yadda yake. Ya ce, "'Yar nan, wannan ya fi naki." Na ce ya yi gashinsa, ba a tambaye shi ba.

Auta ya ci rabin burodi a tsaye, sannan ya ce, "Don kina zaune ne. Ta ga ido."

Na ce, "To. Gobe ba ta nan, ni ma ina aji. Kai za ka kwaɓa."

Nan fa ya hau cika baki. Wai shi tun yana ɗan shekara tara yake kwaɓi, wai Babanmu ya ce hannunsa ya fi nawa albarka, abin da ban taɓa ji ba sai ranar. Laraba da safe ya zo da rigar aiki sabuwa fil. Na jiƙa masa yis na rufe, na tafi aji.

Da na dawo, tun daga bakin layi na ji Baba Mai Tanderu yana dariya har da tari. Na shiga na ga Auta zaune a kan buhu, fulawa har a gira, gabansa gwangwani sittin na dutse. Irin na Litinin sak, ba bambanci.

Na ajiye jakata a hankali. Na ce, "Auta, sau nawa ka kwaɓa?"

Ya kau da kai, na amsa masa da kaina.

"Sau ɗaya. Sau nawa ya lalace? Sau ɗaya. Ka ga kai ko sau ɗaya ba ka taɓa yin daidai ba. Da hujjarka, Asabar sai ka haɗa kayanka."

Baba ya zauna a ƙasa don dariya. Ni ma na yi har na riƙe ciki. Na ji daɗi ranar, ba zan ɓoye ba, har na fara tsara yadda zan ba Malama labari.

Amma Auta ba a banza yake ƙanena ba. Ya karkaɗe gira ya ce, "Jiya ta zo. Ta taɓa buhunan nan. Wa ya san abin da ta yi musu? Kafin ta zo gidan nan, shekara ashirin ba mu taɓa ganin wannan ba. Ni dai ban ga wani dalili ba, kuma kin ce dalili za ki kawo. Saura kwana uku."

Na daina dariya. Na so in ce masa maganarsa ta zama wadda ba abin da zai ƙaryata ta: in ta zo ita ce, in ba ta zo ba ma ita ce. Na kuwa faɗa. Ya ɗaga kafaɗa. Kuma a wani ɓangaren yana da gaskiya, alkawari na yi zan kawo dalili, ban kawo ba.

Da yamma na ɗauko littafin ajina na rubuta tambaya a saman shafi: me ke faruwa Litinin da Laraba da ba ya faruwa sauran ranaku? Na zargi fulawa, amma buhu ɗaya muke buɗewa ya kai kwana uku. Na zargi wutar lantarki, amma inji bai taɓa tsayawa ba. Na zargi Baba, Allah Ya yafe mini, amma kwaɓin tun kafin ya kai hannunsa yake a kwance. Har yis ɗin na shinshina. Na lissafa kowa da komai a gidan nan. Mutum ɗaya ce kawai ban rubuta ba, kuma ko a raina ban kawo ta ba.

Alhamis da safe na shiga ɗakin kwaɓi kamar kullum, da tsohuwar rigata mai yankakken hannu. Na ɗora ruwa ya tafasa, na sauke na ajiye a gefe. Na tankaɗe fulawa buhu guda, na shafa wa gwangwani mai, na share ƙasa. Sai da na gama duk wannan na dawo kan ruwan, ya sha iska. Na zuba na sanyi a roba, na ƙara na ɗumi, na tsoma gwiwar hannuna in ji, yadda Babanmu ya koya mini.

Hannuna na cikin ruwan na tsaya cak.

Yaushe rabon da in tsoma gwiwar hannu ranar Litinin? Ranar aji da kayan fita nake shigowa, riga mai dogon hannu, ga agogo, ga turare. Ba na tankaɗe, ba na shara, na bar wa Baƙuwa. Ruwa na tafasa nake saukewa, in cika filas ɗin shayina, sauran in juye a kan yis kai tsaye, in bi shi da na sanyi, in rufe, in fita da gudu kada in makara. Duk wannan bakina na motsi, ina haddace darasin Malama Ta-Yaya. Yis kuwa abu ne mai rai, ruwan zafi kashe shi yake. Wannan ko almajirin burodi na kwana uku ya sani. Ni da na shekara talatin ina faɗa wa mutane, ni ce nake dafa shi sau biyu a mako, in rufe gawarsa da murfi, in miƙa wa baiwar Allah ta kwaɓa.

Na ce, "Innalillahi." Na zauna a kan buhu.

Ba zan yi ƙarya ba, shaiɗan ya zo. Ya ce ki gyara a ɓoye mana, Litinin burodi ya tashi, kowa ya manta. Amma Litinin tana bayan Asabar. Kuma ko da Auta ya haƙura, matar nan za ta ci gaba da aiki ana kallonta da abin da ba ta yi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Auta. Na san in na faɗa, har jikokinsa sai sun ji.

Na aika aka kira Baƙuwa. Na jira Auta ya dawo daga zagayen safe. Na tara su uku a ɗakin kwaɓi, na ajiye roba biyu a kan tebur, na zuba yis da sukari daidai wa daida. Ta farko na yi mata yadda nake yi kullum. Ta biyu na sauke ruwa yana tafasa na sheƙa mata, na bi da na sanyi. Na ce kowa ya yi shiru minti goma.

Baba bai iya shirun minti goma ba, amma ya yi ƙoƙari. Robar farko ta yi kumfa ta taso har tana neman zubowa. Ta biyu tana nan kwance kamar ruwan wanki.

Na nuna ta farko na ce, "Wannan ni ce ranar Talata." Na nuna ta biyu. "Wannan ni ce ranar Litinin da Laraba, in ina saurin zuwa koyon hankali."

Auta ya dubi roba, ya dube ni, ya sake duban roba. Sai fuskarsa ta fara buɗewa a hankali. Kai, ban taɓa ganin ɗan'adam ya yi farin ciki irin na ranar ba, ko ranar da aka haifa masa ɗan fari. Ya ce, "Yaya, don Allah maimaita. Baba, ka ji? Yaya, wace ce? Faɗi da ƙarfi, kunnena ya toshe da fulawa."

Na ce, "Ni ce."

Ya fita waje ya zagaya mota ya dawo. Ya ce, "Asabar sai ki haɗa kayanki."

Baba ya ce shi dama tun farko ya yi zargi. Na ce ƙarya yake, ya amsa cewa lallai ƙarya yake. Muka yi ta dariya har mai shagon kusa ya leƙo ya ga ko lafiya. Sannan Auta ya cire hula, ya je gaban Baƙuwa ya ce, "Baiwar Allah, ki yafe mini. Na so in raba ki da aikinki a kan abin da ba ki yi ba. Aiki naki ne, har ranar da kika gaji da mu."

Ta ce, "Ba komai, Allah Ya yafe mana duka."

Da suka fita, na ga ta ɗauki robar ta biyu za ta zubar. Na lura ba ta yi mamaki ba ko kaɗan, tun da na fara gwajin. Na ce, "Tsaya. Kin sani?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Tun Litinin ɗin farko, Yaya. Da na ɗaga murfin na ga tururi, kuma ba kumfa."

"Mako uku! Kina ji ana shirin korarki! Me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Wata takwas na yi ina neman aiki. In shigo gidan mutane ranar farko in ce wa mai gidan ba ta iya jiƙa yis ba? Na ga in na yi shiru wataƙila a kore ni. In na faɗa kuwa, na tabbata."

Na yi kwanaki ina auna fulawa, ina auna wuta, ina rubutu a littafi, alhali amsar tana tsaye kusa da ni tana yanka kwaɓi, kuma tsorona ne ya rufe mata baki. Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba ko a gaban Auta.

Na buɗe kabad na ɗauko gwangwanin yis, wanda tun rasuwar Babanmu ba hannun da ya taɓa shi sai nawa. Na ɗora mata a tafin hannu. Na ce, "Daga yau ke za ki riƙa jiƙawa, har ranakun da nake nan. Kuma in kika sake ganin na yi shirme kika yi shiru, a kan wannan zan kore ki."

Ta riƙe gwangwanin da hannu biyu. Ta dubi ƙofa, ta dube ni.

Ta ce, "To Yaya, tunda kin ce haka. Gishirinki ma yana yawa."

Sannan ta yi dariya, da ƙarfi, har Auta ya jiyo daga cikin mota.